Ƙaton bayan aji ba jakin makaranta ba ne

Babu makarantar firamare ko kwalejin karkara, tun daga Gidan Amumune har Mayahi, daga Mayahi har Tasawa, da za ka shiga ba ka tarar da shi ba. Yana can bencin ƙarshe, gwiwoyinsa sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur. Ya girmi 'yan ajinsu da shekara biyu ko uku, ko don an makara wajen sa shi lakwal, ko don ya maimaita aji. In za a sauke buhu, shi ake kira. In za a kafa ajin zana farkon shekara, shi ne mai haƙa rami. In gidan malam ba ruwa ko itace, shi ne dai. Amma in aka zo ga allo da alli, an riga an yanke masa hukunci tun kafin hutun farko: ƙato ne, ba kai. Iyayensa sun ji hukuncin sun karɓa, jira kawai suke ya faɗi jarrabawa ya dawo gona, ko ya ɗauki jaka ya tafi ci-rani.

Malamai 'yan'uwana, da ku iyayen yara, abin da ake yi wa wannan yaro zalunci ne, kuma asara ce babba. An mayar da shi jaki sau biyu: jakin ɗaukar kaya a tsakar makaranta, da jakin aji a gaban allo. Ƙarfin da ya kamata ya zama igiyar da za a riƙe shi da ita a makaranta, shi ne ya zama dalilin da ake raina shi har ya gudu. Zan kafa hujjata da rayuwar wani mutumin Afirka ta Kudu mai suna Siya Kolisi, ɗan wasan zari-ruga. Na san yawancinmu ba mu taɓa kallon wannan wasa ba, don haka bari in fara da bayanin aikin da mutumin yake yi.

Zari-ruga ana yin sa da ƙwallo mai siffar ƙwai, a ɗauke ta a hannu a ruga da ita. Kowane gefe mutum 15 ne, wasan minti 80. Ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo da hannu zuwa gaba, sai gefe ko baya, saboda haka duk takun da za a ci gaba sai an ci shi da ƙafa da kafaɗa. Cikin 15 ɗin, mutum 8 su ake kira 'yan gaba, kuma su ne ƙartin ƙungiya. A ƙwallon ƙafa ɗan gaba shi ne mai zura ƙwallo a raga ana yi masa tafi; a zari-ruga ɗan gaba shi ne mai aikin wahala. Su takwas ɗin kan sarƙe hannuwa su sunkuya, su haɗa kafaɗa da takwas na ɗaya gefen, a yi ta turereniya har wasu su ja da baya. A manyan ƙungiyoyin ƙasashe nauyin takwas ɗin kan kai kilo 900. Su ke kayar da mai gudu da ƙwallo, su ke ƙwato ta a ƙasa, su ke ɗaga ɗan'uwansu sama ya cafke ta in an jefo daga gefen fili. Duk wanda ya taɓa zama bakin fagen kokawa da kaka zai gane rabin aikin nan da kallo ɗaya: kafa ƙafa, saukar da ƙugu, kama mutum inda nauyinsa yake, a kai shi ƙasa. Sauran rabin lissafi ne da ladabi. In ɗaya cikin takwas ya tura kafin lokaci ko ya saki, ginin duka sai ya rushe, wani ya ji ciwo. Ƙaton da ba ya jin umarni, ba ya iya haddace dabarun da aka shirya, ba shi da wuri a cikinsu.

An haifi Kolisi ranar 16 ga Yuni 1991 a Zwide, unguwar baƙaƙen fata matalauta a gefen birnin Port Elizabeth, wanda yanzu ake kira Gqeberha. Malamai sun san wannan rana, ita ce Ranar Yaron Afirka, wadda aka fara bikinta a waccan shekarar don tunawa da 'yan makarantar Soweto da aka harbe a 1976. Mahaifiyarsa ba ta kai shekara 20 ba lokacin da ta haife shi, mahaifinsa bai gama sakandare ba. Kakarsa ta wajen uba ce ta raine shi. Ya sha faɗa da bakinsa cewa a ƙasa yake kwana, cewa akwai daren da ba abin da za a ba shi sai ruwa da sukari, kuma abincin da ake rabawa a makaranta yakan zama shi ne kaɗai abin da ya shiga cikinsa ranar. Mahaifiyar ta rasu yana da shekara 15. In ka cire sunan garin, labarin yara da yawa ne a ƙauyukanmu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai iso ba.

A unguwar akwai wata ƙungiyar zari-ruga mai suna African Bombers, inda yara ke taruwa bayan an tashi daga makaranta. A nan wani malamin firamare mai horar da yara, Eric Songwiqi, ya lura da shi, ya jawo shi makarantar Emsengeni inda yake koyarwa. Yana da shekara 12 aka tafi da shi gasar yara a garin Mossel Bay, aka gan shi, aka ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar Grey, ɗaya daga cikin manyan makarantun garinsu, tafiyar 'yan mintuna a mota daga Zwide amma kamar wata duniya daban. Ya shiga Grey bai iya Turanci ba, harshen Xhosa kaɗai yake ji, kamar yadda ɗan ƙauyenmu ke shiga ajin farko ba ya jin Faransanci. Ya koya, ya zauna, ya gama makarantar.

Daga nan ya koma birnin Cape Town, ya buga wa Western Province da Stormers. Ranar 15 ga Yuni 2013 ya fara buga wa ƙasarsa, a karawa da Sukotilan. Ya shigo canji bayan 'yan mintuna da farawa, aka tashi shi ne gwarzon wasan. A 2018 mai horarwa Rassie Erasmus ya naɗa shi kyaftin. Ƙungiyar Springboks ta fara wasan ƙasa da ƙasa tun 1891, ta daɗe tana zaman alamar mulkin wariyar launin fata, kuma sai da aka yi shekara 127 kafin baƙar fata ya jagorance ta a irin wannan wasa. A karawarsa ta farko yana kyaftin, Ingila ta riga ta ci 24 suna da 3, amma aka tashi 42 da 39, nasara tasu. Ranar 2 ga Nuwamba 2019 a Yokohama ta ƙasar Japan ya ɗaga Kofin Duniya bayan sun doke Ingila 32 da 12. A watan Afrilun 2023 ya ji mummunan rauni a gwiwa aka yi masa tiyata, ya dawo cikin 'yan watanni, ya sake ɗaga kofin a Faransa ranar 28 ga Oktoba bayan sun sha da ƙyar a hannun New Zealand 12 da 11. A watan Nuwamban 2025, ranar da ya cika wasa 100 a ƙasarsa, aka kori wani abokin wasansa da jan kati, mai horarwa ya ga dole a sake tsari, ya cire kyaftin ɗin kansa a hutun rabin lokaci. Ya fito ba gardama, ƙungiyar ta doke Faransa. Wannan shi ne irin ladabin da nake nufi.

To, mu ajiye kofuna gefe, mu dubi abin da ya shafe mu. Yaron nan mayunwaci ne, maraya, ba ya jin harshen da ake koyarwa da shi. Me ya riƙe shi? Ya tarar da abinci a makaranta. Ya tarar da fili da wasa mai doka a unguwa. Ya kuma tarar da malamin da ya tsaya ya dube shi yana gudu, ya ga abin da allo ba ya nunawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan muna da ikon yin irinsa, kuma kowane ɗaya an yi sakaci da shi.

Mu fara da abin da ke hannun malamai. Awar motsa jiki tana rubuce a jadawalin kowane aji, an manna ta a bango kusa da lissafi da Faransanci. Je ka tsaya bakin makaranta a wannan awa ka ga abin da ake yi. Wani wuri shara ce, wani wuri jidar itace, wani wuri malam ya ce manhaja ta yi nisa bari a ƙara darasin nahawu, wani wuri kuwa an sallami yara malam ya hau babur ya nufi kasuwa. Sai lokacin jarrabawar BEPC ya matso a fito da yara su yi gudu kwana biyu, a ba kowa maki. Akwai cibiyar INJS a Yamai da ke horar da malaman wasanni, amma kwalejin karkara nawa ke da ɗaya? Inda babu shi, aikin na malamin aji ne, kuma a makarantar horon malamai an koya wa kowannenmu yadda ake shirya wannan darasi. Wanda ya cinye awar ya cinye haƙƙin yara ne, musamman haƙƙin wannan na bencin baya, domin ita kaɗai ce awar da zai iya zama na ɗaya a cikinta. Yaron da bai taɓa jin an ce masa madalla ba tun Litinin har Juma'a, shekara shida, me zai hana shi gudu? Malamin Zwide bai gano Kolisi a kan takardar jarrabawa ba. Da ya mayar da awar wasa awar shara, da yau ba wanda ya san sunan yaron.

Sai iyaye. Na san abin da ake cewa a majalisa: wasa ba ya ciyar da gida, kuma za a karya mana yaro a banza. Ina girmama tsoron uba ga ɗansa, amma a gaya mini, ina ƙarfin yaron ke zuwa in ya bar makaranta? Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 mun ga inda ƙartin samarinmu ke nufa. Ba ma sai an je arewa mai nisa ba. Ranar 7 ga Nuwamba 2021 ramin haƙar zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa, nan jiharmu ta Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. Uban da ya hana ɗansa kokawa a kan rairayi, gaban malami, don kada ya gurɗe, shi ne zai raka shi tasha yana da shekara 15 ya tafi shiga rami. Ƙarfin saurayi kamar ruwan kwari yake, in ba a yi masa hanya ba zai yi wa kansa. Maganar ciyar da gida kuwa, ba wanda ya ce wasa zai maye gurbin gona ko karatu. Abin da nake cewa shi ne wasa na riƙe yaro a aji har ya iya karanta takardar asibiti, ya iya lissafin kuɗin waken da ya sayar, kuma wannan na ciyar da gida.

Wasu za su ce wannan al'adar Turawa ce da ta mutanen kudu, ba tamu ba. Ba zari-ruga nake roƙo a kawo Gidan Amumune ba. Abin da muke da shi ya ishe mu. Tun 1975 da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa, ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango Kantu, ya fara ɗaukar takobin, kuma filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Duk shekara jihohi takwas na turo 'yan kokawa goma-goma, ƙasa ta tsaya cik. Malamai da iyaye kowa kunnensa na jikin rediyo, yara sun haddace sunan Issaka Issaka na Doso fiye da yadda suka haddace sunayen manyan biranen jihohi. Amma ranar da aka koma aji, yaro biyu suka kama juna a bayan aji, bulala ce ladarsu. Muna tafa wa ɗan kokawa in ya girma a hannun wasu, muna dukan sa in yana tasowa a hannunmu. Wannan wace irin magana ce? Ƙasar da ke cike da dogaye da ƙarfafa, lambar gasar Olamfik biyu kacal ta taɓa samu: tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972, da azurfar Abdurrazak Issufu Alfaga a taikwando a 2016. Shekara 44 tsakaninsu. Yara ba su ƙare ba cikin waɗannan shekaru. Masu duba su ne babu.

Akwai ƙorafi ɗaya mai nauyi, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce Kolisi mutum ɗaya ne, dubban da suka yi wasa tare da shi suna nan Zwide ba aiki, kuma sayar wa yaran talakawa mafarkin zama tauraro yaudara ce. Gaskiya ne. Har ma akwai abin da ya fi haka ɗaci. Steve Thompson, ɗan gaban Ingila da ya ci Kofin Duniya a 2003, ya fito a 2020 ya bayyana cewa yana fama da ciwon mantuwa saboda buguwar kai, har ba ya tuna wasannin da ya ci kofin da su, alhali bai wuce shekara arba'in da 'yan kai ba. Shi kansa Kolisi, a littafin tarihin rayuwarsa na 2021, bai ɓoye yadda giya ta so ta lalata shi ba. Jiki jari ne mai ƙarewa. Amma ku lura, wannan ƙorafi hujja ce a kan wanda ya raba wasa da karatu, wato a kan abin da ake yi a nan yanzu, inda yaro sai ya zaɓi ɗaya. Thierry Dusautoir, haifaffen Abijan, wanda ya yi kyaftin ɗin Faransa kuma aka zaɓe shi gwarzon duniya a 2011, injiniya ne mai takarda. Maro Itoje, ɗan iyaye 'yan Najeriya da ya zama kyaftin ɗin Ingila, ya yi digiri a fannin siyasa a jami'ar SOAS ta Landan yana tsaka da buga wasa. Dukansu 'yan gaba ne, ƙarti. Wa ya ce ƙato ba ya da kai?

Labarin Kolisi kansa yana da gefen da ya kamata ya ba mu kunya maimakon sha'awa. Sai da aka cire shi daga makarantar talakawa aka kai shi ta masu hali kafin ya samu fili mai ciyawa da abinci sau uku. An tsamo ɗaya, an bar sauran. Mu nan ba mu da Grey da za ta zo ta tsamo kowa, kuma wanda ya zauna jiran wani Bature ko wata ƙungiyar agaji ta zo da ƙwallo da riguna zai daɗe bai tashi ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin yi shi ne makarantar ƙauyen ita kanta ta zama wurin da yaro zai samu abin da Kolisi ya samu, ko da kaɗan ne, kuma kowane yaro ya samu, har da 'yan mata, waɗanda ake kora gida su yi daka a daidai awar da ya kamata su yi gudu.

Ba abu ne mai tsada ba. Daraktoci su tsaya a kan awar motsa jiki kamar yadda suke tsayawa a kan awar lissafi, masu duba makarantu kuma su riƙa zuwa a wannan awa da gangan. A daina aiken ɗalibi gidan malam a lokacin darasi, komai ƙarfinsa. Bayan kaka, makarantun ƙaramar hukuma su shirya gasar kokawa da langa da gudu tsakaninsu, a raba yara bisa shekaru da nauyi, a kan rairayi mai laushi, a kira tsofaffin 'yan kokawar gari su koya musu yadda ake kamu da yadda ake faɗuwa. Sharaɗi ɗaya a rubuta shi da babban baƙi: wanda ba ya zuwa aji ba ya shiga fage. Shi kuma ƙaton bencin baya a ba shi kyaftin, a ɗora masa kiran suna da rubuta sakamako, a gani ko ba zai koyi rubutu ba. Batun ciki kuwa, a Yamai aka fara bikin ranar ciyar da 'yan makaranta ta Afirka ranar 1 ga Maris 2016, amma makarantu da yawa har yau ba tukunya. Kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye za su iya tara tiya-tiya na hatsi da kaka, lokacin da yake araha, a ajiye don kunun safe a watannin wuya. Yaro mai yunwa ba ya gudu, ba ya karatu.

Wanda ya ce duk wannan wahala ce don ƙato guda, ya ƙirga benci nawa ke zama fanko a ajin CM2 bayan kowace damina, ya kuma tambayi inda masu bencin suke. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron nan yana hannunmu shekara shida, wani lokaci goma. In ya bar mu bai iya komai ba sai ɗaukar buhu, kada a ce shi ne ba kai. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da aka ɗora mana.